A Riƙa Tambayar Masu Ciwon Kumburin Hanji Yadda Suke Kwana

Assalamu alaikum Edita, don Allah ka ɗan ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana kan wani abu da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya.

Ƙanina ne Allah ya jarrabce shi da ciwon kumburin hanji, irin wanda likitoci ke ce wa cutar Crohn. Kafin a gano shi mun fi shekara biyu muna maganin basir, duk motar da ta wuce da lasifika sai mun saya, wani ya ce atini ne ya sha Flagyl har bakinsa ya koma ɗaci, sai da aka zura masa kyamara ta ƙasa a asibiti sannan aka ga hanjin duk ya yi gyambo. To ba ma wannan ce ta kawo ni ba, maganar barci ce.

Ɗaki ɗaya muke kwana da shi a soro, don haka ganau ne ni ba jiyau ba. Buta da tocila a gefen filo suke kwana, idan ciwon ya motsa a dare ɗaya sai ya tashi sau biyar sau shida, ga gidan haya ne banɗaki ɗaya a can ƙarshen tsakar gida, ga sanyin hunturu. Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne ko ranar da cikin bai murɗa ba baya yarda ya yi nisa a barci, tsoro yake kar ya ɓata shimfiɗa. Gari na wayewa ka gan shi kamar wanda aka kwana ana duka. Tela ne, rannan gyangyaɗi ya kwashe shi a kan keke allura ta huda masa yatsa, amma a unguwa cewa ake yi yaron nan ya cika son jiki.

Da aka ɗora shi a kan prednisolone, wani maganin rage kumburi, zawon ya tsaya alhamdulillah, sai kuma ido ya bushe ƙamas, ƙarfe uku na dare yana zaune yana latsa waya. Ashe da daddare yake sha, kuma babu wanda ya ce masa kanzil. Sai da muka haɗu da wata likita, Allah ya saka mata, ita ce ta fara tambayarsa ya barci, ta ce maganin nan da safe ake shansa bayan an karya kuma ba a yanke shi farat ɗaya. Ta hana shi diazepam, maganin sa barci da wani mai kemis ya ba shi, ta hana shi diclofenac da ibuprofen da yake sha don ciwon gaɓɓai, ta ce suna iya tayar da ciwon. Har jini ta sa aka auna aka ga ya yi ƙasa sosai, ta ce ƙarancin sinadarin ƙarfe shi kansa yana sa ƙafa ta ƙi zama wuri ɗaya da dare.

Kuma abin ba wai ciwon ne kaɗai ke hana barci ba, shi ma rashin barcin yana da alaƙa da dawowar ciwon, akwai binciken da aka yi a Amurka a 2013 da ya nuna masu Crohn da ciwonsu ya lafa amma ba sa samun barci mai kyau sun kusa ninka sauran wajen dawowar ciwon cikin wata shida.

Shi ya sa nake roƙon likitocinmu, na san layi na da tsawo wlh, amma tambayar "ya kake kwana?" ba za ta ci minti ɗaya ba. Su kuma jama'a duk zawon da ke tashin mutum daga barci har da jini, wata da watanni, a daina cewa basir a tafi asibiti. Ranar 19 ga Mayu ce ranar wannan cuta ta duniya, ina ma gidajen rediyonmu za su gayyato likitan ciki ya yi bayani da Hausa a buɗe waya mutane su kira.

Naka mai karatu kullum,
daga Tudun Wada, Zariya.