Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Injiniyan da ya tambayi inda nake

Ranka ya daɗe Injiniya,

Bayan gaisuwa. Na saurari abin da ka faɗa a taron tsarin birni na makon jiya, a faifan da aka naɗa. Ka tambaya wai su wa za su bi hanyoyin gangaren nan na masu nakasa, waɗanda ake yi a madadin matakala, da na dame ku a kansu, tunda shekara da shekaru kana aikin titi ba ka cika ganin guragu da makafi a kai ba. Ka kuma ƙara da cewa in da gaske nake, me ya hana ni zuwa in kare maganata? An yi dariya. Na ji ta sarai.

Na zo, Injiniya. Ina gindin matakala lokacin da kake magana. Zauren yana hawa na biyu, kuma babu lif. Wasu samari biyu sun nemi su ɗaga ni da kekena, na gode musu na ƙi, don an taɓa yi mini irin wannan taimakon aka kusa kifar da ni. Na jira, na gaji, na koma gida. Kujerar da ka nuna babu kowa a kai, matakala ce ta hana mai ita zama.

Haka titin naka yake. Wanda ya san gefen titi zai tsaya masa kamar katanga, ko kwalbati a buɗe na jiran sandarsa, ba ya fitowa sai dole ta yi. Sai kai kuma ka ƙirga waɗanda suka fito, ka ce babu masu buƙata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum biliyan 1.3 ne ke da nakasa, wato kusan ɗaya cikin shida. Ban sa tsohon da gwiwa ta ci amanarsa ba, ban sa mai juna biyu ba, ban sa wanda ya karye jiya yake dogara sanda ba.

Batun tsada da ka taɓo ba zai ɗauke ni lokaci ba. Rahoton da hukumar ta fitar tare da Bankin Duniya a 2011 ya ce in an sa waɗannan abubuwa tun a zane, ƙarin da wuya ya wuce kashi 1 cikin 100 na kuɗin sabon gini. Tun ran gini tun ran zane. Abin da ke cin kuɗi shi ne a gama, a fasa, a sake, kuma ba na jin irin wannan aikin yana ɓata wa 'yan kwangila rai.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, kai da ake kira gwani a wannan sana'a ka san ƙa'idar fiye da ni. Kowane santimita 1 na tsayi yana son santimita 12 na tsawon gangare, don haka tudun rabin mita yana buƙatar mita 6. Amma me ake yi mana? A dunƙule siminti a bakin ƙofa, a tsaye ƙiƙam, wanda ko babur sai an taka masa wuta. A ɗauki hoto a rubuta an cika sharaɗi. Tayil mai ƙuraje da makaho ke bi da ƙafa da sanda, Seiichi Miyake ne ya ƙirƙiro shi a Japan, aka fara shimfiɗa shi a Okayama a 1967. Yau sai ka ga an jera shi don ado, ya miƙe sambal ya ƙare a jikin turken lantarki. Ko an tambayi makaho ɗaya kafin a shimfiɗa? Mai ɗaki ai shi ya san inda yake masa yoyo.

Zancen cewa neman suna nake yi, na bar maka shi.

Tun 2006 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar haƙƙin masu nakasa, sashe na 9 ya lissafa gine-gine da hanyoyi da sufuri ƙarara. A 1990, a Amurka, sai da mutane suka sauka daga kekunansu suka ja jiki a kan matakalar majalisa kafin dokarsu ta fito. Har yanzu dai tausayi aka fi ba mu. Mutum zai miƙo mini canji ban roƙa ba, sannan ya ajiye motarsa a kan gangare ɗaya tilo da zan bi in tsallaka. In na yi magana a ce na cika ƙorafi. Danja mai ƙara don makafi, rubutun sanarwa a tasha don kurame, bayan gida mai ƙofar da keke zai shiga, duk an mayar da su alfarma da za a yi in kuɗi ya ragu.

An ce akwai wani zaman a wata mai zuwa. In kana da sauran tambaya, a sauko da taron ƙasa, zan riga ka zuwa.

Naka,
wanda ka nema ba ka gani ba