Zafin jiki da gumin dare bayan ɗaukewar al'ada: mata, mu je a duba zuciyarmu

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in yi magana da 'yan'uwana mata da suka haura shekara 45, da mazajensu da 'ya'yansu.

Shekarata 52. Shekara huɗu ke nan da al'adata ta fara rikicewa, ta zo wata biyu, ta ɗauke wata uku. Sai kuma wani zafi ya riƙa taso mini daga ƙirji, ya hau wuya, ya mamaye fuska kamar an watsa mini ruwan zafi. Minti uku ko huɗu ya wuce, ya bar ni sharkaf da gumi. Da dare abin ya fi tsanani: in farka zanin gado ya jiƙe, zuciya na dukan uku-uku, barci ya ƙaurace har asuba. Duk wadda na kai wa kuka sai ta ce, "Girma ne, kowa da haka ta wuce, ki yi haƙuri." Na yi haƙurin shekara biyu cur. Ranar da ciwon kai ya kai ni asibiti aka auna ni, jinina ya kai 160 bisa 100. Ban taɓa sanin ina da hawan jini ba.

Likitar da ta gan ni ita ce ta fara tambayata ko ina fama da wannan zafi, kuma sau nawa a mako. Na yi mamaki, don ban ga haɗin ba. Ta bayyana mini cewa sinadarin estrojin da ƙwayayen mace ke samarwa yana taimaka wa jijiyoyin jini su kasance da laushi. Idan ya ja baya, sashen ƙwaƙwalwa mai daidaita ɗumin jiki yakan rikice, shi ne zafin da muke ji. A lokaci guda kuma mugun kitsen da ke cikin jini yakan ƙaru, jijiyoyi su fara tauri, jini ya fara hawa.

Daga baya na karanta da kaina. Tun 1996 ake bin lafiyar mata fiye da 3,000 a Amurka a wani bincike mai suna SWAN. A 2015 aka gano cewa ga waɗanda zafin ke yawan taso musu, yakan ɗauki shekara bakwai da ɗoriya, ga mata baƙaƙen fata kuma kusan shekara goma. A 2021 Farfesa Rebecca Thurston ta Jami'ar Pittsburgh da abokan aikinta suka nuna cewa matan da zafin ke taso musu a kai a kai sun fi sauran haɗarin bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki da kusan kashi 50 cikin ɗari, kuma haɗarin ya fi haka ga waɗanda abin ya daɗe musu shekara da shekaru. Binciken bai ce zafin ne ke jawo ciwon ba. Ya nuna tafiyarsu ɗaya, kuma wannan kaɗai ya isa mace ta tashi tsaye.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda muka ɗauki ciwon zuciya a matsayin ciwon maza, alhali shi da sauran cututtukan jijiyoyin jini su ne kan gaba wajen kashe mata a duniya, kusan mace ɗaya cikin uku. Kuma a jikin mace ba lallai ya zo da ciwon ƙirji mai tsanani ba. Yakan zo da sarƙewar numfashi, tashin zuciya, gajiya marar dalili, ko ciwo a muƙamuƙi da baya. Mai irin wannan kada ta jira gari ya waye.

'Yar'uwa, in zafin nan yana damunki, musamman in yana hana ki barci ko al'adarki ta ɗauke kafin shekara 45, ki je a auna miki jini da suga da kitsen jini, ki kuma faɗa wa likita komai ba kunya. Kada ki sayi maganin ƙarin estrojin da kanki. Yana rage zafin, amma ba a ba da shi don kare zuciya, kuma ba kowace mace ya dace da ita ba. Ma'aikatan lafiya kuma, don Allah ku riƙa yi mana tambayar nan, domin yawancinmu ba za mu fara faɗa ba.

Ni yanzu ina shan maganin hawan jini kullum, ina tafiyar minti 30 a ƙasa kowace safiya. Gumin daren bai rabu da ni ba tukuna, amma awon da aka yi mini a watan jiya ya nuna 130 bisa 80.

Wassalam,
Wata mai karanta jaridarku