Wa ya ce muku ba mu da shi?

Zuwa ga Shugaban Shirye-shirye,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya tare da ma'aikatanku, na rubuto ne a kan shirinku na daren Lahadi, kuma ba zan ɓoye muku ba, raina ya ɓaci ƙwarai.

Labarin gidan nunin na Faransa bai dame ni ba, na ma ji daɗinsa. Mutane sun samu gida a bakin kogi a garin Chatou kusa da Paris, suka buɗe shi a watan Satumba na 2024, suka jera ƙoƙon bara na sufayen Iran da sandunansu da rigunan shehunnansu, duniya tana zuwa kallo. Allah ya saka musu da alheri. Abin da ya tsaya mini a wuya ita ce maganar da mai gabatarwa ya rufe shirin da ita, baƙonsa kuma ya amsa masa da "haka ne": wai mu nan ba mu da irin wannan fasaha, wai malamanmu na ɗariƙa ba su bar mana komai ba sai carbi da waƙar bege.

Wa ya ce muku ba mu da shi? A Maraɗi gidan rediyonku yake. Da ɗayanku ya hau babur ya shiga Limanci ko Bagalam ya yi sallama a zauren kowane tsohon malami, da bai furta wannan magana ba.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, alaramma ne. Ya yi gabas shekaru masu yawa kafin ya komo gida, kuma da ka ya rubuta Alƙur'ani, izu sittin, bai duba wani ba. Da kansa yake dafa tawadarsa da bagaruwa da ƙaro, da kansa yake fiƙe alƙalaminsa na kara, kuma ba ya zama a kan buzu ya ɗauki alƙalami sai da alwala. Ina yaro ni ne mai riƙe masa kwalaben tawada, don haka abin da zan faɗa da idona na gani. Baƙi na haruffa ne, ja na wasulla, rawaya na hamza, kore kuma na alifin da ake tsallakewa idan an sadar da karatu. Ruwayar Warshu ce, da rubutunmu na nan, fa da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama. In an yi aya biyar ya sa kumsa, in an yi goma ya sa kuri. A gefen takarda kuwa, duk inda sumuni ko rubu'i ko izu ya faɗo, sai ya yi zane mai da'ira da rassa da launi uku, kuma ban taɓa ganin ya maimaita zane ɗaya sau biyu ba. Ganyen ba a ɗinke su ake ba. A jere suke cikin tadarishi, tadarishin cikin gafaka ta jar fata wadda baduku ya yi wa ado da hannu. In wannan ba fasaha ba ce, to ku gaya mini abin da kuka gani a Paris wanda ya fi ta.

Akwai ma wanda ya girme wannan, na kakanmu. In ka ɗaga ganyensa ka haska da rana za ka ga jinjirin wata uku a cikin takardar. Irin takardar nan ce da ake yi a Italiya, ta biyo Tarabulus, ta ƙetaro Sahara a bayan raƙuman ayari. Shekarar 1945, da Gulbi ya cinye tsohon gari mutane suka hau tudu, kakanmu bai tsaya ɗaukar hatsi ba, gafakar nan ya ɗora a ka. Tsofaffinmu har suka rasu suna ba da wannan labari.

Kuma tunda kan sufaye kuka yi magana, bari in gaya muku abin da ke cikin akwatin mahaifina. Akwai Dala'ilul Hairati ɗan ƙarami rubutun hannu, wanda bai wuce tafin hannu ba, a cikinsa an zana Rauda da makwancin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da na Sayyadina Abubakar da Sayyadina Umar. Akwai Ishiriniya da aka cika gefenta da fassarar ajami ƙanana ƙanana, hannun malamai daban daban, wani ya rasu wani ya ɗora. Akwai allunan zayyana na saukarmu, Fatiha da farkon Baƙara a tsakiya, kewaye da zane ja da kore da rawaya, wanda mai zayyana yake kwana da kwanaki a kansa saboda yaro ɗaya zai riƙe shi yini ɗaya a gaban jama'a. Akwai farin ƙyallen da ake shimfiɗawa a wazifa idan an zo Jauharatul Kamali. Maƙwabtanmu 'yan Ƙadiriyya suna da bandirinsu da tutocinsu.

Na ce akwai, amma rabinsu yanzu babu, kuma wannan ne ya sa maganarku ta yi mini zafi. Bayan rasuwar tsoho akwatin ya zauna a ɗakin ƙasa. Damina ta yi masa yoyo, gara ta shiga ta ƙasa, da muka buɗe sai muka tarar da Ishiriniyar ta zama gari daga tsakiya. Ragowar kuma wani mutum ya zo da babur yana neman tsofaffin kaya, ɗan wana ya kwashe allunan zayyana da Dala'ilun ya ba shi, a kan kuɗin da ba su sayi buhun hatsi ba. Na yi faɗa har muka yi wata ba mu gaisa ba. Abin da ya ce mini shi ne, "Baba, tsohon allo ne fa, me za a yi da shi?" Yaron nan ba mugu ba ne. Ba a taɓa gaya masa a lakwal ko a rediyo cewa abin da ke ɗakin kakansa yana da daraja ba. Yanzu kuma ga ku kun fito kun tabbatar masa cewa ba mu da komai. Gidaje nawa ne a garin nan suka ji ku daren Lahadi, kuma mai babur ɗin nan yana nan yana zagaye?

Ko da ba ku shiga unguwa ba, ai aikinku ne ku sani. A Yamai, a cibiyar binciken IRSH ta Jami'ar Abdu Mumuni, akwai sashe guda na littattafan Larabci da ajami rubutun hannu, dubbai, waɗanda marigayi Bubu Hama ya fara tarawa. A Yama ta jihar Tawa akwai masallacin ƙasa da magini Falke Barmu ya fara ginawa a 1962, ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Hasumiyar masallacin Agadas, mita 27 ta ƙasa zalla, tana cikin tsohon garin da UNESCO ta sa a kayan tarihin duniya a 2013. Ku je Kiyota lokacin Maulidi ku ga abin da jama'a ke ɗauke da shi. Ba ku ambaci ko ɗaya ba cikin awa guda.

Sai kuma wanda ya bugo waya ya ce duk wannan tarkacen bidi'a ne, gara ma da babu su, mai gabatarwa ya ce masa "mun gode" ya wuce. Ni ɗan Tijjaniyya ne, ban ɓoye ba, kuma ina da ƙanne da surukai 'yan Izala, muna cin tuwo kwano ɗaya. Ban nemi kowa ya zo wazifa ba. Amma Alƙur'anin da alaramma ya rubuta da ka na wace ƙungiya ne? Allon da aka yi wa yaro sauka da shi fa? Kuma mun ga inda irin wannan magana take kaiwa idan aka bar ta. A 2012 aka rushe hubbarorin waliyyai a Tumbuktu da diga da gatari, har aka kai ɗaya daga cikin masu yin kotun duniya ta Hague, aka yanke masa shekara 9 a 2016. Ya kamata a ce mai gabatarwa ya tsayar da mutumin nan cikin ladabi ya ba shi amsa.

Abin da nake nema bai fi ƙarfinku ba. Ku janye maganar nan a shiri mai zuwa, a lokacin da kuka faɗe ta, da bakin wanda ya faɗe ta. Sannan ku ɗauki na'urarku ku shiga zaurukan malamai, ku sa tsofaffin marubuta da masu zayyana su yi bayani da kansu tun suna raye, don ba su da yawa yanzu, matasa sun koma bugun inji. Ku je fadar Mai Martaba Sarkin Katsinan Maraɗi da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ku tambaya ko za a samu ɗaki ɗaya, ɗaya tak, mai rufin da ba ya yoyo, inda iyalai za su kai amanar kayansu a rubuta sunan mai shi, 'yan makaranta su zo su gani. In aka samu, ni ne farkon wanda zai kai Alƙur'anin mahaifina. Kafin nan ƙofata a buɗe take ga duk wanda kuka aiko, gani ya kori ji.

Tunda na riga na ɗauki alƙalami, don Allah ku duba tallar masu maganin gargajiya da kuke sakawa bayan Magariba. Lokacin ne muke zaune da iyali da 'ya'ya mata ana cin abinci, sai mutum ya fara zayyana cututtukan ma'aurata da kalmomin da ba a faɗa a gaban suruki. Dole nake tashi in kashe rediyo. In kuɗin tallar ne ba za ku iya bari ba, ku mai da ita ƙarfe sha ɗaya na dare.

Ina jiran in ji gyaran ranar Lahadi.

Wassalam.

Mai sauraronku,
ɗan wani alaramma, daga Maraɗi