Wasiƙa: Kafin ka sayi kart grafik, fara duba wutar da za ta ci

Malam Edita, assalamu alaikum, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka.

Ina roƙon ɗan fili a jaridarka saboda samarinmu masu buga gem a kwamfuta da masu ɗakunan wasa da ke cin abinci da abin, don wallahi raina na ɓaci in ga yaro ya yi wata da watanni yana tara jikka-jikka, wani kabu-kabu yake yi wani ɗalibi ne a jami'a yana matse kuɗɗin abincinshi, rana guda ya kwashe duka ya sayo kart grafik ƙatuwa, wato allon da ke sarrafa hoton gem a cikin kwamfuta, don abokinshi ya ce ita ce magani, ya kawo mani shago in ɗaura mashi, in buɗe na'urar in ga ko shiga ba za ta yi ba. Gyaran kwamfuta nike yi nan Maradi, kuma maganata guda ce: a garin nan wuta da zafi su ke zaɓa maka kayan da za ka saya, ba bidiyon da wani ya ɗauka cikin ɗaki mai sanyi a Turai ba.

Yawancin na'urorin da ke hannun yaranmu tsoffin kwamfutocin ofis ne da anka shigo da su okaziyo, Dell OptiPlex ko HP EliteDesk, da furosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar, i5 3470 na 2012 ko i5 4570 na 2013, RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da na'ura ke aiki da ita, irin DDR3, da tsohon diski mai juyawa. Na'urori ne masu ƙarko, ban raina su ba, amma don rubuta takardu anka ƙera su. Siririyar nan da ake kwantarwa kan teburi ba ta karɓar kart sai gajeruwa, alimantasiyonta, wato akwatin da ke raba wuta a ciki, wat 240 ne ko ɗan sama da haka kaɗan, ba ta da wayar da ake soka ma kart, kuma da yawansu bakin fulogin na kamfanin ne kaɗai, ba za ka iya cire ta ka sa ta kasuwa haka nan ba.

To a irin wannan na'ura ne kowa ke son ɗora kart ɗin nan RX 580. Na gane dalili, kart ce ta 2017 mai giga 8, tana da ƙarfi har yanzu, kuma tun da Ethereum, wani kuɗɗin kirifto, ta daina haƙa da kart a Satumba 2022 masu haƙar kirifto sunka zubar da su kasuwa ta yi arha. Sai dai ita kaɗai wat 185 take ci kuma tana son fulogi mai baki 8, ka ga an ɗora ma jaki kayan raƙumi ke nan. Abin da ya fi tada mani hankali shi ne ƴar wayar nan ta dabara da ake saidawa, wadda ke jawo wuta daga bakin SATA, wato fulogin da ke ba diski wuta, zuwa kart. Bakin SATA bai wuce wat 54 ba, shi kuwa mai baki 8 an yi shi don wat 150, na sha ganin ta ta narke ta yi baƙi, robar ta manne da ƙarfen, ɗakin duk warin ƙauri, wani lokaci ta tafi da kart mer, wato babban allon da ake soka komai a kai, gaba ɗaya. Don Allah a bar ta. Sannan a duba da kyau, akwai wadda ake rubuta ma RX 580 2048SP, wannan a gaskiya ajin RX 570 ce, kada a karɓi kuɗɗin babba a ba ka ƙarama.

Idan akwatinka babba ne mai karɓar alimantasiyo ta kasuwa, kada ka yarda da "500W" da anka buga da manyan baƙaƙe a jiki. Juya ta ka karanta ƙaramin teburin da ke gefe, nemi inda anka sa +12V ka ga amfiya nawa ne ƙarƙashi, ka ninka. In an rubuta 18A, 12 sau 18 wat 216 ke nan, shi ne ainihin abin da kart da furosesa za su raba, sauran lissafin talla ne. Ɗauke ta a hannu ma, ta kirki nauyi gare ta, wadda ka ji sakayau ajiye ta. Araha ba ta ado, kuma ita ce abu guda da in ta mutu ba ta tafiya ita kaɗai.

Mai siririyar na'ura kuwa ya tsaya kan kart da ba ta wuce wat 75 ba, wadda ke shan wutarta daga ramin kart mer kai tsaye. GTX 1050 Ti ta 2016 ko GTX 1650 ta 2019, duka giga 4, akwai gajerunsu, mai ɗan hali ya nemi RTX 3050 mai giga 6 ta 2024. I, 1650 ba ta kai RX 580 ƙarfi ba, ban ɓoye ba, amma mi yaranmu ke bugawa? PES 2021, eFootball, GTA V, FIFA, waɗannan tana ɗaukarsu lafiya a 1080p in ba a ƙure saitin ba. EA Sports FC 24 ma mafi ƙarancin kart da ya nema 1050 Ti ce ko RX 570. Wanda ke da babban akwati da alimantasiyo ta gari kuma kuɗɗinshi sun kai, RX 6600 ta 2021 ta fi RX 580 gudu nesa ba kusa ba alhali wat 132 take ci. Wannan bambanci na wat ba ƙaramin abu ba ne gare mu, duk wanda ya zauna garin nan daga Agusta 2023 da Najeriya ta yanke wutar da take turo ma Nijar ya san darajar na'urar da batir da sola ko ƙaramin janareta ke iya riƙewa, mai ɗakin wasa da na'ura biyar ya fi kowa sani.

Kafin ma a kai ga kart akwai abu biyu masu sauƙin kuɗɗi. SSD, wato sabon diski marar juyawa, tana karanta kusan mega 500 a daƙiƙa, tsohon diski da ƙyar ya wuce 150, ba za ta ƙara ma wasan gudu sosai ba amma jiran buɗewa da tsatstsayawar nan za su ragu. Sai RAM, giga 16, sanda biyu masu 8-8 maimakon guda ɗaya, a ramukan da launinsu ya zo ɗaya, don su yi aiki tare. DDR3 ba ta shiga ramin DDR4, a tafi kasuwa da tsohuwar sandar cikin aljihu.

Kuma a daina saye da ka. Sa manhajar MSI Afterburner mai nuna yawan aikin da kart da furosesa ke yi, kyauta ce, buga wasanka kana kallon lambobin a kusurwa. In kart na 99 cikin ɗari furosesa na hutawa, kart ce ta gaza. In furosesa ya cika 100 kart na yawo wajen 60, ko ka sayo wadda ta fi kowace tsada ba abin da zai canza, sai dai ka ɗaga furosesan, i5 3470 zuwa i7 3770, ko i5 4570 zuwa i7 4790, rami ɗaya suke shiga.

Wani lokacin ma ba abin da ya gaza, ƙura ce kawai. Bayan hunturu in na buɗe na'ura sai in tarar ja-jan ƙura ta toshe haƙoran ƙarfen sanyaya furosesa har ta yi dunƙule ana ɓamɓarowa da yatsa, man da ke tsakani ya bushe ya tsattsage, fanka na ihu iska ba ta wucewa, ga watan Afrilu da Mayu na tafe da zafin da ke haura digiri 40. Furosesa in ya ji zafi da kanshi yake rage gudu don kada ya ƙone, mai shi kuma ya ɗauka tsufa ne. A hure ƙurar, a riƙe fankar da yatsa kada ta yi ta juyawa, a goge tsohon man a ɗiga sabo kaɗan, a ɗauke na'urar daga ƙasa a ɗora kan teburi. A raba ta da soket ɗin bango kai tsaye kuma, regilata mai daidaita wuta ko ondila mai batir su shiga cikin lissafin tun farko, ba sai kuran ya dawo da ƙarfi ya yi ɓarna ba.

Akwai kuma inda ya kamata a tsaya. Microsoft ta rufe tallafin Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a hukumance ba ta karɓar furosesan Intel ƙasa da zubi na 8, tsoffin nan namu kuwa ba su kai ba. Don haka SSD da kart da alimantasiyo ka saya ba fargaba, za su bi ka zuwa sabuwar na'ura, amma kada ka narka kuɗɗi masu yawa kan furosesa da RAM na DDR3 da za su mutu tare da tsohuwar. In abin ya kai nan gara a haƙura a tara don kart mer B450 da Ryzen 5 3600 ko 5600 da DDR4, illa dai 5600 na iya neman a sabunta BIOS, wato manhajar cikin kart mer, tukuna, a tambaya kafin a biya.

Roƙona ga ƴan'uwana masu saida kayan, na nan gida da masu ɗauko su daga Kano ta Jibiya da Ɗan Isa, ku bar mai saye ya gwada a gabanku. A soka kart ɗin a buɗe manhajar GPU-Z mai nuna bayanin kart, don akwai tsoffin GTS 450 da ake canza ma suna su koma 1050 Ti kuma manhajar kan tona su, sannan a kunna FurMark, manhajar da ke sa kart aiki tuƙuru, minti goma sha biyar a ga ko zafin zai haura 85 da sauri, ko ɗigo-ɗigon kore su fito a fuskar, ko fanka ɗaya ta ƙi juyawa. Ku ba yaro ko kwana uku ne na mayarwa, ku rubuta mashi a rasit.

Na gode Malam Edita, Allah ya ƙara ma jarida ɗaukaka.

Naka,
Mai gyaran kwamfuta, unguwar Zariya, Maradi