Zuwa Ga Auta, Kan Ɗanyen Ganye Da Zafin Sakkwato

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Auta, bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan naki. Ya zafi, ya kuma baƙunta? Mu nan Zariya sai godiyar Allah. Babanku yana gaishe ki, ƙafar tasa da sauƙi, har ya koma fita masallaci da asuba.

Na zaɓi in rubuto maimakon in kira, don na san halinki a waya. "To Umma, to Umma," kina ajiyewa ki ci gaba da abin da kika sa a gaba. Takarda kuwa tana nan, in ba ki karanta da natsuwa yau ba, kya karanta gobe.

Yayarki ta zo ta nuna mini hotunan da kike sakawa a WhatsApp. Na ga farantai a jere, na ga yankakken gurji da karas, latas da kabeji an lulluɓe su da bama, kankana da abarba a gefe, ga kuma ƙananan kwanoni na abin dangwale kala-kala. Ta ce duk ƙarshen mako abokan maigidanki suna taruwa ke kike haɗa musu, har matan unguwa sun fara roƙon ki yi musu na suna da na biki. Na ji daɗi, ba zan ɓoye miki ba, hannunki ya yi kyau. Amma da ta ce bamar da kanki kike kaɗawa da ɗanyen ƙwai, wai a waya kika koya, kuma tun da hantsi kike haɗa komai ki jera alhali baƙin ba sa zuwa sai bayan la'asar, sai gabana ya faɗi. Ranar ban yi barcin kirki ba.

Ni ba na adawa da abin marmari mai sanyi. Wa zai iya tuwo da tsakar rana a watan Afrilu, a garin da ma'aunin zafi ke haura 40? Jiki da kansa yake neman abu mara nauyi, mai ɗan tsami da ruwa-ruwa. Sai dai tun kafin a san bama a ƙasar nan muna da namu, kuma da shi kika tashi. Ga kwaɗon zogale. Ki zage ganyen, ki tsince itatuwan, ki wanke, ki tafasa har ya yi laushi, ki tsane a kwando, sannan ki matse ruwan sosai, don in ya rage a jikinsa ƙulin zai jiƙe ya caɓe. Ki daka ƙuli-ƙuli da ɗan attaruhu da gishiri da dunƙule, ki yanka tumatir da albasa, ke da kike kusa da Aliero ai ba kya rasa mai kyau, ki zuba soyayyen man gyaɗa cokali biyu. Kada ki cakuɗa sai kin ji sallamar baƙi. Rama ma haka ake mata, sai dai ita ana zubar da ruwan tafasar farko, in ba haka ba tsaminta ba ya barin mutum ya ci. Abin da ya sa hankalina ya fi kwanciya da waɗannan shi ne ganyen ya ga wuta, ƙuli kuma busasshe ne, yini ɗaya ba ya lalata shi. Ki dai riƙa shinshinawa kina ɗanɗanawa kafin ki daka, wanda ya yi fumfuna ko yake ɗaci ki zubar, ba abin ci ba ne.

In abin dangwale suke so, yajin ƙuli ya wadatar: ƙuli, barkono, citta, masoro, ɗan kanumfari da gishiri. Ki sa shi a bushe a tsakiyar faranti, ki kewaye shi da yalo da gurji da karas da kika fere. Ko ki dama markaɗaɗɗiyar soyayyar gyaɗa da ruwan lemon tsami da barkono da tafasasshen ruwa, har ta yi kaurin da za ta kama yankan gurji. Wancan da muka ci a Makka ni da Gwaggonki, wanda kika sa na yi ta kwatanta miki, shi ma ba wani abin wahala ba ne. Su da irin nasu waken suke yi, amma farin wakenmu yana yi: a surfe, a dafa ya yi luguf, a markaɗa da soyayyen riɗi da tafarnuwa da lemon tsami da mai. Kindirmo kuma ki riƙa kwantar da naki. Ki tafasa madarar da kanki, ko ki dama ta gari da tafasasshen ruwa, ki bar ta ta huce ta rage ɗumi-ɗumi, ki zuba cokali biyu na kindirmo mai kyau, ki rufe. A zafin garinku ba sai ta kwana ba za ta kama. Ki goga gurji a ciki da na'a-na'a da ɗan gishiri, ba wanda zai tambaye ki bama. Fiya kuwa, in ta iso muku ba ta ruɓe a hanya ba, a marmasa ta da lemon tsami da albasa a ci nan take, don ba ta jira.

Yanzu ga abin da ya hana ni barci. Auta, amai da gudawa nake tsoro. Shi kaɗai.

Kin san aikin asibitin da na yi har na ajiye, kin san abin da idona ya gani a ɗakin nan na bayan asibiti. A shekarar 2021 kwalara ta kama mutum sama da 100,000 a Najeriya, fiye da 3,500 suka riga mu gidan gaskiya, kuma mafi yawansu a nan Arewa: Bauchi, Jigawa, Kano, Zamfara, har Sakkwaton da kike zaune. Na ga ƙato majiyin ƙarfi an kawo shi da safe yana magana, kafin magariba idanunsa sun faɗa, muryarsa ta dishe, fatarsa in ka ja ta ba ta komawa. Ba abin da ya kayar da shi illa ruwan jikinsa da ya tsiyaye. Za ki ce ai wannan ciwon damina ne. Gaskiya ne da damina ya fi ƙamari, amma tun ƙarshen bazara ake share masa hanya. Famfo ya ƙafe, rijiya ta yi ƙasa, kowa ya koma kan 'yan garuwa, ba mai tambayar inda suka ɗebo. Ruwan farko kuma ya wanko ƙazantar gari ya juye a rijiyoyi da fadamu. Kuma ba kwalara kaɗai ke bin wannan hanya ba, taifot da atini duk ta baki suke shiga, ta ruwa da abinci da hannu.

Latas ɗin nan da kike yankawa, kin san ruwan da aka shayar da shi? Ba na zargin manoman fadamar Kwalkwalawa ko na wani wuri, akwai masu tsabta da tsoron Allah. Amma a manyan garuruwanmu akwai lambunan da ruwan kwata ne yake ratsa su, akwai masu zuba takin da bai gama ruɓewa ba, sannan mai sayarwa ya wuni yana yayyafa masa ruwa daga bokiti ɗaya don kada ya yi yaushi. Shi kuma latas daga kasuwa sai ciki, ba ya ganin wuta, ba a fere shi. Gishiri da ruwan khal da kuke jiƙa shi a ciki suna ragewa ne kawai, ba sa kashe komai, kada wani ya ruɗe ki. Ruwan da ba za ki iya sha ba, bai kamata ya taɓa ɗanyen ganye ba. Haka ƙanƙarar leda da kike saye kina jefawa a zoɓo, da wane ruwa aka yi ta? Sanyi ba ya kashe ƙwayar cuta, ajiye ta yake yi.

Sai ƙwan. Ɗanyen ƙwai yana iya ɗauke da ƙwayar cuta ko da ɓawonsa fes yake, ba tsaga ba wari. Bamar kwalba da ƙwan da aka riga aka bi da shi ta zafi ake yin ta, ga tsami mai yawa da ke kare ta. Taki ta gida ba ta da ko ɗaya. To a ce kin haɗa ta da dafaffen ƙwai da dankali da kifin gwangwani, kin ajiye a falo tun hantsi. Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 da 60, in sun samu yadda suke so cikin minti 20 sai su ninka. Ƙa'idar da aka koya mana ita ce irin wannan abinci kada ya wuce awa 2 a waje, in zafi ya tsananta awa 1. Daga hantsi zuwa la'asar awa nawa ne? Kada ki ce mini firij. Firjin da aka ɗauke wa wuta, ko ba a buɗe shi ba, sanyinsa ba ya wuce awa 4, naku kuwa na san yadda ake buɗe shi don ruwan sanyi. Abin da ya fi tayar mini da hankali, abincin ba ya canza kama, ba ya wari, yana nan da kyansa a faranti.

Wallahi Auta kin ba ni mamaki. A gidan nan kika tashi. Kuna ce mini duba-gari, kuna cewa na takura muku, na hana ku yankakkiyar kankanar bakin titi, na hana ku ƙanƙarar makaranta, na sa ku wanke hannu da sabulu ko da yunwa tana cinku. Ban yi nadamar ko ɗaya ba, kuma da za a maimaita haka zan sake yi. Kin san wadda babu a cikinku, kin san watan da ta tafi, kin san dalilin da ya sa har yau ba na iya kiran sunanta. Shi ne za ki je garin mutane ki watsar da abin da na koya miki saboda wata yarinya a waya da ba ta taɓa ganin zafin Sakkwato ba? Don a ce amarya ta iya? Masu danna miki alamar yabo, ba ko ɗayansu da zai zauna a gefen gadonki yana riƙe miki roba.

Kuma ke yanzu ba ke kaɗai ba ce. Yayarki ta gaya mini, tunda ke kunya ta hana ki. Alhamdulillahi, na yi sujada da na ji. Amma bayan abin da ya faru bara, da me za ki yi wasa? Mai juna biyu in gudawa ta kama ta ruwan jikinta ya fara tafiya, abin da ke cikinta yana jin jiki tun kafin ita ta gane ta galabaita. Ni kuma ina ina? Tsakanina da ke akwai Funtuwa, akwai Gusau, kin san yadda hanyar take yanzu, ba mai bin ta da dare. In aka kira ni cikin dare aka ce Auta ce, me zan yi in ban da in zauna a kan darduma in jira gari ya waye? Wannan tunanin ne yake tashe ni.

Na san ba don nuna kai kaɗai kike yi ba. Na san zaman garin da ba dangi, maigida ya fita tun safe, madafi ne ya zama abokin hirarki, kuma kina so ya ɗaga kai a gaban abokansa. Wannan ba laifi ba ne, ban kuma ce ki daina ba. Ɗanyen ƙwai dai ki bar shi gaba ɗaya. Latas da lansir ki haƙura da su har Allah ya sauke ki, ki tsaya a kan abin da ake dafawa da abin da ake ferewa. Yaji da ƙuli da riɗi ki shirya su tun da wuri, ba abin da zai same su, amma yankan ɗanye da cakuɗawa sai baƙi sun zauna, ba ya cin rabin awa. Wuƙa da katakon da suka taɓa ɗanyar kaza kada su kusanci gurji sai an wanke su da sabulu. Ki rufe komai saboda ƙuda. Na san zubar da abinci yana miki ciwo, ni na koya miki hakan, to ki riƙa yin kaɗan yadda ba zai rage ba, wanda ya rage ya wuni a waje kuma kada ki ba almajiri, shi ma ɗan wani ne. Maganar na suna da na biki ki ba su haƙuri a wannan zafin. Cikin mutum ɗari amana ce da ba ki da wutar da za ki riƙe ta da ita, ga tsayuwar da ba ta dace da ke ba yanzu.

Ki aika a sayo miki fakitin ORS, wato garin ruwan gishiri da sukari na masu gudawa, a kemis ki ajiye a ɗaki tun yau. In ta kama babu, ki haɗa na gida: tafasasshen ruwa lita 1, sukari cokalin shayi 6 a shafe, gishiri rabin cokalin shayi. Tun gudawar farko ake fara sha, kuma ana sha ana kama hanyar asibiti, ba a cewa bari mu ga safe. Kada ki sayi ƙwayar tsayar da gudawa da kanki a halin da kike ciki.

Direban da ya kai miki kaya wancan karon zai taso ranar Laraba in Allah ya kai mu. Na sa miki ƙulin da aka yi a gabana, da busasshen zogale, da riɗi, da yaji, da zoɓo da tsamiya. Ki kira ni in sun iso. Babanku kuma zai kira maigidanki ya tambaye shi inda ruwan gidanku yake fitowa, don ni ba zan iya yi masa maganar ba. Kada ki ji haushi, ni na sa shi.

Ki gaishe mini da maƙwabciyar nan taki da take leƙo ki. Allah ya yi miki albarka, ya tsare mini ke, ya sauke ki lafiya.

Wassalam,
Ummanki.