A Sassauta wa Anza a Karkarar Damagaram

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka domin in yi kira ga masu sharar gona a jihar Damagaram da su daina tumɓuke anza. Itaciyar nan ba ta rabuwa da ganye ko da tsakiyar rani, kuma ita ta riƙe gidaje da dama a yunwar 2005. Da idona na ga mahaifiyata tana jiƙa dilo, wato ƙwayar 'ya'yan anza, kwana da kwanaki, tana sauya ruwa safe da yamma har ɗacin ya fita, sannan ta dafa mana. Ganyenta kuwa shi muke shimfiɗawa a rumbu saboda ƙwari. Yau sai mata sun yi doguwar tafiya kafin su cika ƙwarya guda da dilo.

Naka,
Wani manomi daga Birni, Zinder