Haɗarin mota: a daina yafe haƙƙin marayu a zaman makoki

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi tsokaci a kan abin da ke biyo bayan haɗarin mota, ɓangaren da labarai ba su cika kaiwa gare shi ba. Duk lokacin da mota ta kife, kukan kawo mana adadin waɗanda suka rasu da waɗanda suka jikkata, da bayanin kwamandan hukumar kiyaye haɗurra, da saƙon ta'aziyyar gwamna, daga nan sai a wuce zuwa wani labarin. A gidajen da abin ya shafa kuwa, a ranar ce wahala take somawa, kuma ba safai ake samun wanda zai ce ga mai ɗaukar nauyin jinya da ciyar da marayu ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a kan hanya duk shekara, kuma idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ce ta fi kowace nahiya asara, duk da cewa ita ce mai ƙarancin motoci. A nan Najeriya, alƙaluman hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa (FRSC) sun nuna sama da mutum 5,000 sun rasu a 2024, waɗannan kuwa su ne aka rubuta; wanda aka ɗauke daga bakin titi aka kai ƙauye aka yi masa sutura kafin la'asar ba ya shiga lissafin kowa. Ba mu manta da tankar man da ta faɗi ta kama da wuta a Majiya ta Jihar Jigawa a watan Oktoban 2024 ba, inda aka rasa fiye da mutum 150, ko wadda ta biyo baya a mahaɗar Dikko ta Jihar Neja a Janairun 2025, ko motar tawagar 'yan wasan Kano da ta faɗa ƙarƙashin gada a hanyar Zariya zuwa Kano a ƙarshen Mayun 2025, suna dawowa daga gasar wasanni ta ƙasa a Jihar Ogun, gida ya rage musu ɗan kaɗan.

Musabbabin waɗannan haɗurra ba ɓoyayye ba ne ga duk mai shiga motar haya. Dokar hanya ta ƙayyade wa ƙananan motoci gudun kilomita 100 a sa'a a kan babbar hanya mai tagwayen layi, motocin haya 90, tirela da tanka 60, kuma tun 2017 aka tilasta wa motocin haya sanya na'urar taƙaita gudu, amma wanda ya taɓa zama a gaban bas daga Kaduna zuwa Kano ya san inda allura take kwana. Direban da mai mota ya yanka wa balas ɗin da ba zai samu ba sai ya yi sawu biyu a yini, dole ya yi gudun wuce sa'a, ya ƙara fasinja a gaba, ya yi tuƙi da barci a idonsa, wani ma har ya nemi ƙwayar da za ta hana shi gyangyaɗi. Ga tayoyin gwanjo da suka gama aiki a wata ƙasa kafin su iso mana, waɗanda sukan fashe da zafin rana. Ga tirelar da aka cika da buhuna ko shanu sannan aka ɗora mutane birjik a sama. Ga wadda ta lalace a tsakar hanya da dare, babu fitila, babu alamar gargaɗi sai 'yan rassan ganye da yaron mota ya yayyafa a kwalta. Aikin hanyar Abuja zuwa Kano, wanda aka ba da kwangilarsa tun ƙarshen 2017, ya sa an shekara da shekaru ana haɗa masu zuwa da masu dawowa a hannu ɗaya, inda kuskuren sha gaban wata mota sau guda yake zama karon gaba da gaba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan akwai hannun mutum a cikinsa: wani ne ya sayi tayar, wani ne ya yi lodin, wani ne ya karɓi na goro a shinge ya ɗaga hannu motar ta wuce.

Wannan ne ya kawo ni ga abin da ya fi damuna. A unguwarmu an yi zaman makokin wani kafinta da motar haya ta banke a bakin titi, ya bar mata da 'ya'ya ƙanana, maza da mata. Kafin a yi sadakar uku sai ga shugabannin tashar da motar take lodi sun iso da mai motar, da buhun shinkafa da katan ɗin taliya da 'yar ambulan. Aka shimfiɗa musu tabarma, aka yi addu'a, shugabansu ya ba da haƙuri cikin ladabi. Yayan mamacin ya gyara zama ya ce, "Haba Alhaji, ai kwanansa ne ya ƙare. Mun yafe duniya da lahira." Jama'a suka ɗauka da "Allah ya yi albarka," washegari aka je ofishin 'yan sanda aka ce an sasanta, aka saki mota. Matar tana cikin gida tana takaba, ba wanda ya leƙa ya tambaye ta. Yanzu babban yaron ya bar makaranta, kurar ruwa yake turawa.

Ba na zargin wannan dattijo da mugunta, domin abin da ya taso ya ga ana yi ke nan, kuma da ya ce a biya diyya da an yi ta yi da shi a gari cewa ya ci kuɗin jinin ƙaninsa. Sai dai ya yi kyauta da abin da ba nasa ba. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta wajabta diyya a kan kisan kuskure, a miƙa ta ga iyalan mamaci, sai fa idan su ne suka yi sadaka da ita. Malaman fiƙihu sun bayyana cewa diyya gado ce, ana raba ta kamar sauran dukiyar mamaci: matar tana da tumuninta, 'ya'ya suna da kasonsu, ɗan'uwa kuwa ba ya gado matuƙar akwai ɗa namiji. Wato wanda ya furta yafiyar ba shi da ko sisi a cikin abin da ya yafe. Baligi mai hankali yana da ikon barin kasonsa, kuma yana da lada, amma waliyyi ba shi da ikon kyautar da dukiyar maraya. Ba kuma ƙaramin abu ake magana a kai ba, domin cikakkiyar diyya raƙuma 100 ce ko dinari 1,000 na zinariya, hannu ɗaya ko ƙafa ɗaya ko ido ɗaya rabin haka, yatsa raƙuma 10, haƙori 5. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Brunei a 1993, ta tabbatar da cewa haɗarin mota yana ƙarƙashin waɗannan hukunce-hukunce, direba yana ɗaukar alhakin ɓarnar da ya yi, sai idan abin ya zo ta hanyar da ba shi da ikon kauce mata, ko laifin na wanda aka buge ne, ko na wani daban. Imani da ƙaddara bai taɓa soke lamuni ba. Da yana sokewa, da ayar ba ta sauka a kan kuskure ba.

Na san abin da za a ce: direban talaka ne, ko an sayar da shi ba zai iya biya ba, ɗaure shi kuma ba zai dawo da mamaci ba. Gaskiya ne, kuma shi ya sa shari'a ba ta ɗora diyyar kuskure a kansa shi kaɗai ba, ta ɗora ta a kan aƙilarsa, wato danginsa, su biya a hankali cikin shekara uku. Majalisar da na ambata ta sake zama a Dubai a 2005 ta ce a wannan zamani ƙungiyoyin masu sana'a ɗaya da inshorar Musulunci ta takaful suna iya tsayawa a matsayin aƙila. Ƙungiyar da ke karɓar kuɗi a kan kowane lodi a kowace tasha, kullum ta Allah, ba za ta rasa yadda za ta ware asusun diyya ba idan ta ga dama.

Dokar ƙasa ma ta tanadi nata. Tun 1945 ake da dokar da ta hana hawa titi da mota ba tare da inshorar da za ta biya wanda aka yi wa ɓarna ba, kuma fasinjan da ya biya kuɗin mota yana cikin waɗanda ta kare. Daga Janairun 2023 hukumar kula da harkokin inshora ta ƙasa (NAICOM) ta mayar da kuɗin wannan inshora naira 15,000 a shekara ga ƙaramar motar gida, ta kuma ɗaga abin da za a biya na ɓarnar dukiya zuwa naira miliyan 3. Rauni da rasa rai ba a tsayar da su a wannan iyaka ba. Mai mota kuma yana ɗaukar alhakin sakacin direbansa idan a bakin aikinsa ya yi shi, saboda haka ba direba kaɗai ake nema ba. Akasarin masu motoci a wajenmu sun ɗauki takardar inshora a matsayin abin nuna wa ɗan sanda kawai, shi ya sa suke ba ɗan kamasho kuɗi a bakin ofishin lasisi ya haɗo musu takardu, ba su san kamfanin da aka rubuta ba, sai ranar da haɗari ya auku a tarar takardar jabu ce. Alhali da lambar mota kaɗai mutum zai iya dubawa a rumbun bayanan kamfanonin inshora da ake kira NIID, ko ta wayar hannu da *565*11#. Mai ƙyamar inshora saboda addini yana da kamfanonin takaful masu lasisi. 'Yan sanda sun fara matsa lamba a kan wannan takarda a Fabrairun 2025, amma kamen masu mota bai amfani kowa ba idan wanda aka karya bai san yana da haƙƙi a cikinta ba.

Wanda ya yi niyyar neman haƙƙinsa ya sani cewa shari'ar tuƙin ganganci da 'yan sanda ke kaiwa kotu ta hukuma ce. Alƙali yana da ikon haɗawa da umarnin biyan diyya, amma cikakkiyar diyyar jinya, da asarar sana'a, da naƙasa, da abin da mamaci yake ciyar da iyalinsa da shi, ana nemanta ne ta hanyar kamfanin inshora ko ta ƙara ta daban, ita kuwa hujja take ci. A nan ne muke faɗuwa. Ba a ɗauki hoton lambar mota ba, ba a karɓi lambar wayar shaidu ba, ba a nemi rahoton 'yan sanda da zanen wurin haɗari da binciken jami'in duba lafiyar motoci (VIO) ba, rasiɗan magani an watsar. Sau da yawa ma akan sa hannu a cire majinyaci daga asibiti a kai shi wurin mai ɗori saboda tsada, sai ƙafa ta rube a dawo da shi asibitin ƙashi na Dala, lokacin da babu sauran takardar likita da za ta nuna yadda raunin yake tun farko. Matasan da ke rufar wa direba da duka ko su cinna wa mota wuta su ma suna cutar wanda suke wa fushi dominsa, don su ne suke sa direbobi gudu bayan sun buge mutum, kuma motar da aka ƙone ba ta da sauran abin da za a bincika.

Akwai kuma wa'adi. Kowace jiha tana da dokar da ta iyakance lokacin shigar da ƙara, mafi tsananinsa kuwa shi ne idan motar hukuma ce ta yi ɓarnar, domin dokar kare jami'an gwamnati wata uku kacal ta bayar. Matar da ke takabar wata huɗu da kwana goma, kafin ta fita daga takaba, ƙofar shigar da ƙara ta riga ta rufe, sai idan wani ya tsaya mata tun da wuri. Wanda ba shi da kuɗin lauya yana iya zuwa ofishin Hukumar Ba da Tallafin Shari'a, wadda aka kafa tun 1976, kuma neman diyyar haɗari yana cikin ayyukan da dokarta ta ɗora mata. Haka nan Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta wa asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa bisa kowane dalili, abin da ya kamata duk mai ɗaukar wanda ya yi haɗari ya sani kafin a ce masa sai ya kawo ɗan sanda ko kuɗin ajiya.

Ba ina kira a daina sulhu ba ne. Shari'a a kotunanmu tana cin shekaru, kuma sasantawa ta fi sauƙi ga kowa. Abin da nake cewa shi ne a bar sulhun sai hankali ya dawo jiki, a yi shi da sanin matar da sauran magada, a gaban malami ko alƙali da ya san rabon gado, a rubuta, a sa kamfanin inshora a ciki, kason yara kuma a ajiye musu. Mai motar da ya san cewa tayar gwanjo za ta iya jawo masa biyan miliyoyi zai sake lissafi kafin ya saye ta. Wanda ya san buhun shinkafa ya wadatar ba shi da dalilin sake komai.

Roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne ka sa wakilanku su riƙa komawa gidajen waɗanda haɗari ya shafa bayan wata shida, su tambaya ko an biya su wani abu, da wanda ya biya. Ka kuma ware shafi ka gayyato lauya da malamin fiƙihu da jami'in NAICOM su amsa tambayoyin masu karatu da Hausa. Ta farko da zan aiko musu ita ce: idan babban wa ya riga ya furta yafiya a zaman makoki, an kuma janye magana a wurin 'yan sanda, wace hanya ta rage wa matar mamaci da 'ya'yanta su bi, kuma a wace kotu?

Wassalam.

Naka mai karatu,
daga Zariya, Jihar Kaduna.